Yankan Gidan Yohanna

Ku samarin da kuke zuwa bakin tukubata kuna cewa fawa ba wani abu ba ce, wuƙa ce da nama, ina jinku, tankawa ce kawai ba na yi. Kwanaki wani ya ce mini ya kalli yadda ake fiɗa a waya, ya iya. Na miƙa masa ƙafar akuya na ce ya raba mini gwiwa ba tare da ya ɗauki gatari ba. Yana nan yana kici-kici har ƙuda suka fara yi masa sannu da aiki. Ni Sale, da ake ce wa Barunje, a wannan sana'a na yi furfura tsakanin Kura da Bunkure, kuma har yau ban ce na gama koyo ba. To ku zauna ku ji, in haƙurinku ya kai.

Aikin farko da aka ba ni wankin tumbi ne. Kawuna Ɗanlami shi ne Sarkin Fawan garinmu a lokacin, kuma bai san wani abu wai shi ɗan ƙanwa ba in ana aiki. Ga kanal nan kusa da mahauta, ruwa yana gudu kyauta, amma ya hana a wanke hanji a ciki. Ya ce na ƙasa da mu suna sha, suna alwala. Sai in ɗebo ruwa a garwa in kai bakin rami, in juye tumbi, in kankare, in tatse hanji har ruwan ya fito fari. In ya zo ya sansana ya ji wani abu, ba ya magana, ƙeyata ce take ji. Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni na taɓa dutsen wasa wuƙa, kuma na fi daɗewa ina wasa wuƙar wasu kafin a ba ni tawa.

Wuƙa uku mahauci yake riƙewa. Akwai gajeriya ta fiɗa, akwai barho na yankan nama, sannan akwai doguwa ta yanka, wadda ba a taɓa komai da ita sai wuyan dabba. Ko igiya ka tsinka da ita a gaban kawu, ka shiga uku. Ba a wasa ta a gaban dabba, kuma ba a yanka wata a kan idon wata. Za ka ba ta ruwa, ka kwantar da ita a hankali, ka fuskantar da ita alƙibla, ka yi bisimilla, ka ja hannu ba tare da ka ɗaga ba har maƙogwaro da jijiyoyi su rabu. Wanda hannunsa yake rawa ya je ya sayar da rake. Bayan nan sai fiɗa, inda dunƙulen hannu ya fi wuƙa aiki, don fatar da aka huda ta tashi daga kaya. In ka buɗe ciki kuma, ga matsarmama nan manne da hanta, 'yar ƙarama, koriya. Ka kuskura ta fashe, hantar da duk abin da ruwan ya taɓa sun zama maɗaci.

Sayen dabba ma karatu ne. Nakan bi kawu rugar Fulani ta bayan gonakin shinkafa, in ga ya zagaya sa, ya taɓa gindin wutsiya, ya matsa ƙirji, ya buɗe ido ya duba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Lokacin kwasar tumatir da yankan shinkafa kasuwa takan buɗe, ga 'yan ƙwadago, ga direbobin manyan motoci daga kudu, ga masu abinci a bakin titi. Babbar mai sayena Hajiya Ladi ce mai tuwo, wadda ba ta taɓa karɓar nama ba tare da ta ce ƙashi ya yi yawa ba, ko da tsoka zalla ka ba ta.

Amma abin da kawu ya fi nanata mini ba na wuƙa ba ne. Ya ce duk wanda ya sayi nama bai ga lokacin da aka yanka ba. Bai san ko dabbar lafiyayya ce ba, bai san ko mushe ce ba. Tambaya ɗaya yake yi, wa ya yanka? In aka faɗi sunanka ya sa a baki, to kai mahauci ne. In ya yi jim, ka nemi wata sana'a.

Yankan da ya fi zauna mini a rai na ƙetaren kanal ne. Akwai wata 'yar unguwa can, gidaje kaɗan da majami'a mai rufin kwano. Hausawa ne, Hausarsu ma ta fi tawa tsufa. Kakanninsu Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista tun kafin a haƙa kanal. Gonakinsu suna manne da namu, ruwa ɗaya muke jira. In rabon ruwan mutum ya faɗo lokacin Juma'a ko lokacin sujadarsu ta Lahadi, sai a yi musaya da maƙwabci, ba tare da an kai maganar gaban kowa ba.

Ranar wata Kirsimati da sassafe, ina saurayi, wani tsoho mai saje ya yi sallama a ƙofar kawu, ɗansa Yohanna yana riƙe masa keke. Kawu ya ce in ɗauko wuƙaƙe. A hanya na kasa haƙuri.

"Kawu, su ba su da wuƙa ne?"

"Suna da ita. Ta fi taka kaifi ma."

"To me ya sa sai mu?"

"Don mu ci. In suka yanka da kansu, rabin garin nan zai karɓi kwano ya zuba wa kaji. Liman ya ce a littafi ba laifi, amma tsohon nan ya ce ba ya son maƙwabcinsa ya ci abincinsa yana ɗar-ɗar. Ka rufe baki ka yi sauri."

Muka yanka sa na watanda, wanda gidajen suka haɗa hannu suka saya, da awaki na masu hali. Muka yi fiɗa, muka kasa, aka ba mu wuyan yanka. Kafin la'asar kwanuka sun fara ƙetaro gada, shinkafa da miya da nama, an rufe da faifai. Da Babbar Sallah kuma mu ne muke ƙetarawa da namu. Ba a mayar da kwano haka nan, ko gyaɗa ce sai an zuba. Haka na tarar, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi da wani suna ba, abin da ake yi ne kawai.

Da kawu ya rasu, tsoho mai saje ma ya bi shi, aikin ya dawo tsakanina da Yohanna. Ku sani, mahauci ba ya kai kansa yanka, sai an kira shi. In ka je ba a kira ka ba, kamar ka je roƙon nama ne. Shi ya sa kowace shekara Yohanna da kansa yake zuwa, bai taɓa aiko yaro ba. Ina idar da sallar asuba zan ji ƙarar kekensa, don sarƙar ba ta taɓa ganin mai ba.

"Barunje, ka tashi ko sai na aiko maka da ƙamshin miya?"

"Dattijo, da wannan keken naka ai ko matattu sun tashi."

Dattijon majami'arsu ne, shi ya sa nake kiransa haka. Manomin albasa ne na gaske, mai taurin kai a kan iri, kuma mai son gardama a kan abin da bai sani ba, musamman nama. Kullum sai ya tsaya a kaina yana cewa na bar kitse a jikin fata. Matarsa Rifkatu kuwa takan jera kwanuka a tsakar gida tun ana jajibere, ta san na kowane gida, ta san inda akwai tsoho marar haƙori da za a zaɓa wa hanta. Mun yi shekaru a haka har 'ya'yanmu suka yi 'ya'ya.

Sai shekarar da ba na son tunawa. Ana saura 'yan makonni Kirsimati wani hoto mai motsi ya shigo wayoyi. Ana kashe mutane a wani gari, ana ƙona masallaci. Wasu suka ce a ƙasar nan ne, wasu suka ce wata ƙasa ce can da nisa, wasu ma suka ce tsohon abu ne aka sake yaɗawa. Ni ma an nuna mini, na kalla. Amma babu fuskar da na sani a ciki. Samari suka riƙa taruwa a bakin shagon cajin waya suna kallo suna maimaitawa. A can ƙetare ma, na ji daga baya, nasu samarin suna da nasu hoton da suke kallo, na majami'a tana cin wuta. Kowa da gawar da aka aiko masa daga nesa.

Ranar Kirsimati Yohanna ya zo kamar kullum, na je na yi yanka kamar kullum. Da yamma ina zaune a ƙofar gida na ga jikokinsa sun ƙetaro da kwanuka a ka. Ba a jima ba na ga suna komawa, kwanukan suna kansu, kuma daga yadda suke tafiya a hankali na san ba a juye ba. Ba duka gidaje ba ne. Liman ya karɓa, tsofaffi da dama sun karɓa. Amma waɗanda suka mayar sun fi yawa, har da gidajen da na san iyayensu sun ci abincin nan sun sa albarka. Na sa aka fito mini da namu waje, na zauna a bakin hanya na cinye shi a kan idon kowa, har na tanɗe hannu. Na yi don haushi ne, kuma haushin bai amfana mini komai ba.

Bayan kwana kaɗan wani saƙon murya ya fara yawo. Ban san mai muryar ba har yau. Ya ce a yi hattara da naman Sale Barunje, wai wuƙar da yake yanka wa Kiristoci alade da ita, da ita yake yanka wa Musulmi. Alhali unguwar nan rabonsu da kiwon alade tun zamanin tsoho mai saje, wanda ya hana saboda ruwan kanal da muke alwala da shi. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san haka. Amma waya ba ta tambayar tsofaffi.

Na yanka sa ran kasuwar Bunkure, mai kyau, na Fulani, kitse har wuya. Na kasa nama na zauna. Mutane suna zuwa su gaisa su wuce wurin na kusa da ni. Da rana ta take sai ga Hajiya Ladi, ba ta ko kawo roba ba.

"Malam Sale, ni wallahi ban yarda ba. Na san hannunka tun ina amarya."

"To mene ne, Hajiya?"

"Masu cin tuwona ne. Kowa ya zauna sai ya ce naman wa. In na ce naka, sai ya ce a ba shi gaya. Ina da marayu a gabana."

Ban ga laifinta ba. Na ma yi kewar ƙorafinta na ƙashi. Ranar na kwashe nama na koma gida na shanya kilishi, kilishin ma ya taru har matata Hajara ta rasa inda za ta sa. Daga sa na koma akuya, daga akuya biyu na koma ɗaya. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya ce ƙarya ce, ya ce haƙƙin maƙwabci bai tambayi addininsa ba. Ni ma na rantse a gaban jama'a. Waɗanda suke wurin sun ji. Saƙon kuwa ya riga ya kai Madobi, ya kai Kumbotso, har wani ɗan'uwana a Legas ya bugo yana tambayata.

'Yan'uwana mahauta suka same ni suka ce abu mai sauƙi ne, in tashi a masallaci in ce na daina ƙetarawa, magana ta mutu. Na ce kawu ne ya kai ni gidan nan, in sun isa su je su tashe shi ya hana ni. Suka ce taurin kai zai kashe ni. Wataƙila da gaskiyarsu.

Yohanna ya ji komai. Sai ya riƙa zuwa sayen nama, mutumin da na san sai a yi wata bai sa tsoka a miya ba. Ya turo mutanen unguwarsu ma. Hakan ya ƙara dagula abin, aka ce ga shi nan, ai nasu ne. Da ya lura, sai ya daina tsayawa a rumfata. In ya zo wucewa ya ɗaga hannu daga kan keke, ko barkwancin babu. Wannan ya fi rashin ciniki yi mini ciwo.

Da Kirsimati ta zagayo, tun jajibere na wasa doguwar wuƙa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi asuba na zauna a soro da wuƙaƙe a naɗe cikin buhu. Gari ya waye. Masu zuwa ban-ruwa suka wuce. Duk keken da ya gifta sai in ɗaga kai. Hajara ta kawo koko ya huce a gabana. Da hantsi ya yi na ji ana waƙa daga majami'a, na san lokacin yanka ya wuce. Abin da ban taɓa yi ba a sana'ata na yi, na ɗauki buhu na tafi ba a kira ni ba.

Na tarar sun fito daga sujada. A bayan gida ga bunsuru a rataye, an riga an yanka. Iliya ɗan Yohanna, wanda yake aiki a birni, yana tsaye da wuƙar kicin, riga duk jini. Fata ta huje wuri-wuri, kuma tun daga nesa na hango kore a jikin hanta. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Yohanna yana zaune a kan turmi, ya rame, yana tari.

"Dattijo, me na yi maka?"

"Zauna, Barunje."

"Ba zan zauna ba. Tun asuba nake jiran kekenka."

"Na sani. Har na fito da shi na mayar." Ya yi tari ya share baki. "Shekara guda kana cin wuya saboda tukunyata. Yau in aka ga ka ƙetaro da wuƙa, ɗan cinikin da ya fara dawowa ya tafi. Kana da iyali. Na ce Iliya ya yanka, mu ci a cikin gida, ba za mu aika wa kowa ba. In ba a aika ba, ba za a mayar ba."

"Ai da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka za ka ce in zo. Shi ya sa ban tambaya ba."

Na kwance buhuna. Na karɓi aikin daga hannun Iliya, na yanke inda ɗaci ya taɓa, na ƙarasa fiɗar, na daddatsa musu. Yohanna bai ce na bar kitse a fata ba. Da na gama Rifkatu ta kawo mini ruwan wanke hannu da na sha, ta tsaya tana murza zani. Abinci yana kan wuta, ƙamshi ya cika gida, ita ba ta iya cewa in ci ba, ni ban iya cewa a zuba mini ba. Da na ce a zuba da na ci, Allah ya sani. Amma na san Yohanna ba zai bari ba, don kada a ce.

Ya rako ni har gada yana dogara sanda.

"Baɗi in Allah ya kai mu, ƙura ta lafa, zan zo in tashe ka."

"Ka sa wa keken mai kafin nan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai kai baɗin ba. Ana tsakiyar zafi, kafin ruwan farko, ciwon ƙirjin ya tafi da shi. Na je gaisuwa, mu kaɗan ne daga wannan ɓangaren. Na yi kuka a hanyar dawowa, ban kuma ji kunya ba.

Ciniki ya dawo a hankali, kamar yadda ya tafi ba tare da kowa ya ba ni haƙuri ba. Wayoyi sun sami wani abin. Hajiya Ladi ta dawo da robarta da ƙorafinta. Amma kiran Kirsimati bai dawo ba. Yanzu can suna yankansu, nan muna namu, ana gaisawa a bakin kanal lafiya lau, ba faɗa. Ku da kuka taso yanzu kuna ganin ai zaman lafiya ke nan. Ni na san abin da ya fi wannan.

Babbar Sallar da ta biyo bayan rasuwarsa na yanka ragona, na ware cinya da hanta na sa a kwano. Hajara ta ce a ba yara su kai. Na ce ni zan kai. Ina tafe ina tunanin in Iliya yana gida ya ce in koma da abina, ba ni da bakin magana, mu muka fara.

Rifkatu ce kaɗai a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na yi sallama na ajiye kwano. Ta buɗe faifan ta duba, amma ba ta ɗauki kwanon ba.

"Maman Iliya, in ba za a karɓa ba, ba komai. Na fahimta."

"Yaran sun ce kada a karɓi na kowa," in ji ta. "Amma shi ya bar mini magana tun yana kwance. Ya ce in Malam Sale ya kawo, ki karɓa da hannu biyu. Ya ce ya san yadda mutum yake ji in kwanonsa ya dawo."

Ta shiga ɗaki ta juye, ta wanke kwanon, na ji tana motsi a rumbu. Da ta fito ta cika shi da albasa, manya, jajaye, busassu sarai.

"Ta ƙarshe ce da ya dasa. Bai ga cirarta ba."

Na karɓa na yi godiya. Ban bi ta kasuwa ba, na bi ta gefen gonarsa, inda wani ya riga ya yi huɗa ya shuka masara.